Daga Fatar Kalangu Zuwa Dodon Kunne: Tushen Ilmin Igiyoyi da Sauti

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin ƙa'idojin da kowane sauti ke tafiya a kansu: jijjiga, yawanta, girmanta, tsawon zangonta, da gudun da take yi a cikin iska, ruwa da ƙarfe. An gwada ƙa'idojin a jikin kayan da mai sauraro ya riga ya sani, wato goge, kakaki da kalangu, da kuma karin sautin harshen Hausa. Matsayin takardar shi ne, babin sauti ya fi kowane babi na fiziks sauƙin koyarwa a ƙasar Hausa, domin kayan gwajinsa suna kasuwa da fada da gidan biki, kuma lokaci ya yi da za a auna su da lamba kamar yadda wasu al'ummu suka auna nasu.

1. Gabatarwa



Ɗalibin babbar sakandare da ya shirya wa jarrabawar WAEC ko NECO yana iya kawo ƙa'idar gudun igiya da ka, ya zuba lambobi, ya fitar da amsa daidai. Amma a tambaye shi dalilin da ya sa muryar kalangu ke hawa idan makaɗi ya matse hammata, sai ya yi shiru, alhali amsar tana cikin babin da ya haddace. Mun saba ɗora laifin a kan rashin ɗakin gwaji, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ni a ganina babbar matsalar ita ce misalan da muke koyarwa da su. Littattafan da ke hannunmu suna bayani da piyano da gita da bututun molon coci na Turai, kayan da yawancin 'ya'yanmu ba su taɓa sa musu hannu ba. Yaron da ya tashi yana jin algaita a hawan Sallah, yana jin kalangu a wurin dambe, yana kuma magana da harshen da ma'anar kalmominsa ke rataye a kan hawa da saukar murya, ya shigo aji da rabin darasin a kunnensa. Aikinmu shi ne mu ba shi lambobin.

2. Abin da ke tafiya a cikin igiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen gonar gero gab da kaka ya ga yadda iska ke bi ta kan zangarniya. Rausayar tana tafiya daga wannan gefe har ƙarshen gona, amma ko kara ɗaya bai bar gindinsa ba. Haka igiya take a ilmin fiziks: motsi ne da ƙarfi suke tafiya, abin da ke ɗauke da su kuwa yana kai da komo a inda yake.

Igiyoyi iri biyu ne. A wasu, jijjigar tana gicciye da hanyar tafiya, kamar idan an ɗaure igiyar guga a gungume aka kaɗa ɗaya bakin sama da ƙasa. A wasu kuma jijjigar tana bin hanyar tafiyar kanta, gaba da baya, kuma sauti a cikin iska yana cikin wannan rukuni. Idan aka doki ganga, fatar takan turo waje ta matse iskar da ke gabanta, sannan ta koma ciki ta bar iskar a sake. Matsin nan yakan ture iskar da ke kusa, ita ma ta ture ta gaba, har jerin matsi da saki ya iso dodon kunne ya girgiza shi. Iskar da ta taɓa fatar ganga ba ita ce ke shiga kunnen mai sauraro ba. Kuma canjin matsin ƙanƙane ne ƙwarai: sauti mafi rauni da lafiyayyen kunne ke iya kamawa yana canza matsin iska da kusan kashi ɗaya cikin biliyan biyar na nauyin iskar da ke kanmu kullum.

Tun da haka ne, inda babu abin da za a matse, babu sauti. Robert Boyle ya nuna wannan a Ingila a 1660, lokacin da ya rataye agogo a cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar da famfo. Agogon na aiki ana kallonsa, ƙararsa kuwa ta yi ta raguwa har ta ɓace.

Abubuwa uku ake aunawa a jikin igiya. Na farko yawan jijjiga, wato sau nawa abu ke kai da komo a sakan ɗaya, kuma ana ƙirga shi da Hertz, sunan masanin Jamus Heinrich Hertz. Shi ke sa sauti ya yi kaifi ko kauri, kuma kunnen matashi yana ji daga kusan Hertz 20 zuwa 20,000. Na biyu girman jijjiga, wanda shi ne ƙarfin ƙara. Na uku tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin matsi ɗaya da mai bi masa. Ƙa'idar da ta haɗa su gajera ce: gudun igiya daidai yake da yawan jijjiga sau tsawon zango. Da gudun mita 343 a sakan, sauti mafi kauri da muke ji yana da zangon mita 17, mafi kaifi kuwa bai kai santimita 2 ba. Dattawan da suka saba murɗa rediyo suna neman mita 25 a gajeren zango sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida. Igiyar rediyo dangin haske ce, ba ta bukatar iska, tana gudun kilomita 300,000 a sakan, don haka zangon mita 25 yana nufin jijjiga miliyan 12 a sakan. Halittarsu daban ce da ta sauti, lissafin kuwa ɗaya ne.

3. Gudun sauti da yanayinmu

Abu Raihan al-Biruni ya rubuta tun ƙarni na 11 cewa haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, kuma kowace damina tana maimaita mana hujjarsa. Walƙiya takan iso ido nan take, tsawa kuwa tana cin kusan sakan 3 a kowace kilomita. Ɗalibin da ya ƙirga sakan 9 tsakanin walƙiya da rugugi ya san aradun ta faɗi a nisan kilomita 3.

Fitar da gudun ta hanyar lissafi ya ba manya wahala. Isaac Newton ya gwada a littafinsa na 1687, amsarsa ta gaza abin da ake aunawa da kusan kashi 15 cikin ɗari. Sai a 1816 Pierre-Simon Laplace ya gano inda gizo ke saƙar. Newton ya ɗauka zafin iska ba ya canzawa yayin da sauti ke wucewa, alhali matsin yana ɗumama ta, sakin yana sanyaya ta, cikin saurin da zafin ba ya samun damar bajewa. Wannan ɗumin yana ƙara wa iskar tauri, taurin kuma yana ƙara gudu. Daga nan aka fahimci cewa abu biyu ke yanke gudun sauti a cikin kowane abu: taurinsa da nauyinsa. Shi ya sa a cikin ruwa gudun ya kusa mita 1,500 a sakan, a cikin ƙarfe kuma ya haura 5,000. Daniel Colladon da Charles Sturm sun auna na ruwa a tafkin Janeba a 1826, da ƙararrawa da aka doka a ƙarƙashin ruwa da hasken albarushi a matsayin alamar lokaci, suka samu mita 1,435.

A cikin iska, gudun yana farawa daga mita 331 a sakan idan sanyi ya kai ma'aunin sifiri, yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a kan kowane digiri. Lambar 343 da ke cikin littattafai ta digiri 20 ce. A Sakkwato ko Maiduguri ko Zindar, inda tsakar ranar watan Afrilu ke kai digiri 40, gudun ya zama 355. Da asubar hunturu mai digiri 12 kuwa 338 ne. Bambancin kusan kashi 5 cikin ɗari ne, kuma ya kamata malami ya sa ɗalibai su yi lissafi da yanayin garinsu.

Wannan bambanci ne ke bayyana abin da kowa ya lura da shi, wato yadda kiran sallar asuba na ƙauyen da ke maƙwabtaka ko jiniyar jirgin ƙasa ke isowa tar a lokacin sanyi, alhali da rana ba a jin su. Shirun gari yana taimakawa, amma ba shi kaɗai ba ne. Da rana ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama ɗumi, don haka gefen igiyar da ke ƙasa yana riga na sama gudu, sai igiyar ta karkata sama ta wuce kan mutane. Da daddare ƙasa takan huce da sauri, musamman idan sama ta yi wasai babu gajimare, sai iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta. A lokacin gefen sama ne ke gaba, igiyar ta lanƙwaso ƙasa, sautin da zai ɓace a sama ya dawo kan rufin gidaje. Akwai kuma dalilin da ya sa daga nesa dukan tambari da ganga ake ji kafin muryar algaita. Sauti mai dogon zango yana kewaye katanga da bishiya ya wuce, mai gajeren zango kuwa ana tare shi, kuma iska, musamman busasshiya irin ta hunturu, ta fi shanye sauti mai kaifi.

4. Tsirkiya, bututu da fata

A nan ne zan daɗe, domin a nan ne kayanmu ke koyar da darasin da kansu.

Mu fara da goge. Tsirkiyarsa ta izgar doki ce, an ɗora ta a kan ɗan itacen da ake kira jaki, jakin kuma yana zaune a kan fatar da aka rufe ƙwarya da ita. Mai goge yakan shafa wa bakansa ƙaro. Idan ya ja, bakan ya kama tsirkiyar ya tafi da ita, ta kuɓuce ta koma, ya sake kama ta, sau ɗaruruwa a sakan. Hermann von Helmholtz ne ya fayyace wannan kamu da kuɓucewa a littafinsa na 1863. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya sosai, don siririya ce, yanka iska take yi ba ture ta ba. Jaki ne ke kai jijjigar ga fata, fata mai faɗi ta ture iska mai yawa, ƙwarya da iskar cikinta su amsa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya da jikin gwangwani, a kan wannan tsari yake.

Dokokin tsirkiya uku ne, kuma Marin Mersenne ya tattara su a Faransa a 1636, ko da yake an san na farko tun zamanin Girkawa, kuma al-Farabi ya yi dogon lissafi a kansa a jikin tsirkiyoyin udu a Kitab al-Musiƙa al-Kabir. Idan aka rage tsawon tsirkiya zuwa rabi, yawan jijjigarta ya ninka, abin da yatsun mai goge ke yi ke nan idan suna taɓa ta. Idan aka ƙara ɗaurinta, sautin ya hau, amma ba kai tsaye ba: sai an ninka ɗaurin sau 4 kafin yawan jijjigar ya ninka sau 2. Idan kuma tsirkiyar ta fi kauri da nauyi, sautin ya sauka.

Tsirkiya ba ta jijjiga iri ɗaya tak. A lokaci guda tana kaɗawa gaba ɗayanta, tana kaɗawa rabi-rabi, tana kaɗawa kashi uku-uku, haka har sama. Idan uwar jijjigar Hertz 200 ce, 'ya'yanta 400 ne da 600 da 800. Kunne yana haɗe su ya ji sauti ɗaya, amma yawan ƙarfin da kowane ɗa ya samu shi ne amon abin kiɗan. Shi ya sa goge da algaita da muryar mawaƙi za su tsaya a kan kari ɗaya, kuma ko ido a rufe a bambance su. Lissafin Joseph Fourier na 1822 ya tabbatar cewa kowace jijjiga mai maimaita kanta, komai ruɗewarta, ana iya warware ta zuwa irin waɗannan 'ya'ya, kuma a kan wannan lissafi kowace manhajar nazarin sauti ta yau take aiki.

Kakaki ba shi da rami ko ɗaya da za a toshe da yatsa. Littafin Tarihin Kano ya ambace shi cikin abubuwan sarauta da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su, kuma a al'adance ba a busa shi sai ga sarki. Abin da ke jijjiga a cikinsa iskar bututun ce, leɓɓan mai busa kuma su ne ke tayar da ita. Igiyar takan tafi bakin bututu ta dawo, mai tafiya da mai dawowa su haɗu, kuma jijjigar da zangonta ya dace da tsawon bututun ce kaɗai ke ƙarfafa. Mu ɗauki kakaki mai tsawon mita 2.5 a matsayin misalin lissafi. Uwar jijjigarsa za ta kasance kusan 343 a raba da 5, wato Hertz 69, 'ya'yanta kuma 137 da 206 da 274. Mai busa ba shi da ikon fitar da abin da ke tsakaninsu sai ɗan karkatarwa da leɓe. Abin da yake yi shi ne tsallakawa daga wannan ɗa zuwa wancan ta hanyar ɗaure leɓɓa da ƙara ƙarfin numfashi. Wannan ne dalilin ƙarancin muryoyin kakaki, ba gazawar masu busa ba. Muryoyi biyu, ta sama da ta ƙasa, sun isa su ɗauki kirarin sarki, saboda dalilin da zan zo kansa.

Fata ta fi su duka wuyar sha'ani. Ita ma tana bin dokar ɗauri da nauyi: fata ƙarama, siririya, ɗaurarriya tana ba da sauti mai kaifi. Kowane makaɗi ya san fata na shan danshi ta saki da damina, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta a wuta, da hunturu kuma ta ɗaure har takan tsage. Amma 'ya'yan jijjigar fata mai da'ira ba sa bin ɗaya, biyu, uku. Lissafi ya nuna suna zuwa a kan 1.59 da 2.14 da 2.30 da 2.65 na uwar. Tun da ba su jitu ba, kunne ba ya samun tsayayyen kari a cikinsu, shi ya sa yawancin ganguna duka ake ji a jikinsu ba waƙa ba. A 1920 masanin Indiya C. V. Raman, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1930 kan binciken haske, ya nuna cewa masu haɗa gangunan tabla da miridangam sun shawo kan wannan matsala da baƙin haɗin da suke liƙawa a tsakiyar fata. Nauyin haɗin yana jan 'ya'yan jijjigar su dawo kan ɗaya, biyu, uku, sai gangar ta yi murya. Makaɗan kotso, irin wanda aka san Ibrahim Narambaɗa da shi, su ma suna liƙa danƙo a tsakiyar fatarsu. Aikin da danƙon ke yi wa sautin kotso tambaya ce da ɗalibin digiri na biyu zai iya amsawa da lamba a cikin shekara guda.

5. Yadda kalangu ke magana

A dubi makaɗi da kyau. Kangon kalangu mai siririn ƙugu yana rataye a kafaɗarsa ta hagu, ya shige ƙarƙashin hammata. Fata biyu ce, ɗaya a kowane baki, tsarkiyoyin fata kuma sun taso daga wannan baki zuwa wancan, sun kewaye kangon ba tare da sun kwanta a ƙugunsa ba. Wannan ratar ita ce sirrin. Idan ya matse da damtse, ko ya damƙi tsarkiyoyin da yatsun hagu, sai su lotsa cikin ƙugun, su ja bakunan biyu, fatar ta ɗaure. Gula ta sauka, sauti ya fito da kaifi. Ya saki hannu, gula ta sake sauka, sauti ya fito da kauri. Idan kuwa ya doka a matse sannan ya saki kafin amon ya mutu, sai sautin ya zamo daga sama zuwa ƙasa a bugu ɗaya. Ga dokar Mersenne a fili: kafin ya ninka kaifin sautin sau 2, sai damtsensa ya ninka ɗaurin fatar kusan sau 4.

Maƙogwaron ɗan Adam ma haka yake aiki. Iskar huhu tana bi ta tsakanin tantanin maƙwallato ta sa shi ziza, kusan sau 85 zuwa 180 a sakan ga babban namiji, 165 zuwa 255 ga mace. Tsokoki suna ɗaure tantanin murya ta hau, su sake shi ta sauka. A Hausa wannan hawa da sauka yana cikin ginin kalma, shi ne masana harshe ke kira karin sama, karin ƙasa da karin faɗau. Kukan yaro da kukar miya baƙaƙe da wasula ɗaya gare su, haka wuyan raƙumi da wuyar aiki, yawan zizar maƙwallato a kan kowace gaɓa ne ya raba su. Karin kuma ba tsayayyar lamba ba ce. Karin saman dattijo yana iya zama ƙasa da karin ƙasan jikarsa, kuma a cikin jimla ɗaya karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa yakan sauko kaɗan, har jimlar ta yi ta gangarowa zuwa ƙarshe. Kunne tazara yake aunawa tsakanin gaɓa da maƙwabciyarta.

To, abin da kalangu ke ɗauka ke nan: karin kowace gaɓa, da tsawonta ko gajartarta. Baƙaƙe da wasula kuwa ba ya iya fitar da su, domin su a baki da harshe da leɓɓa ake siffanta su. Tun da kalmomi da yawa suna da kari iri ɗaya, ganga ba ta iya faɗin duk abin da ta ga dama a gane. Tana dogara ne da take da kirari da karin maganar da jama'a suka riga suka sani, yadda da an ji tsarin hawa da saukar sai kalmomin su faɗo a zuciya. John Carrington ya lura da irin wannan a littafinsa na 1949 kan gangunan mutanen Kele na Kwango, inda makaɗi ke mayar da kalma ɗaya doguwar jimla don kawar da ruɗani. A wurinmu, mahauci yana jin takensa a kalangu ya san da shi ake, ɗan dambe ma haka, kuma wanda ya saurari makaɗan marigayi Mamman Shata ya san yadda kalangu ke karɓar magana daga bakin mawaƙi ya mayar masa.

6. Ƙara, kunne da ɗakunan taronmu

Jijjigar da ta isa dodon kunne tana bi ta ƙananan ƙasusuwa uku zuwa wani murɗaɗɗen bututu mai ruwa a can ciki. Georg von Békésy ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda ya nuna cewa kowane sashe na bututun yana amsa nasa kaifin sauti. Ƙwayoyin gashin da ke wurin su ke mayar da motsi saƙon jijiya, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa.

Ana auna ƙara da desibel, kuma ma'aunin ba ya tafiya kamar awon mudu. Ƙarin desibel 10 ninki goma ne na ƙarfi, ƙarin 3 kuma ninki biyu. Janareto biyu masu desibel 80 kowanne, idan an tayar da su tare, 83 za su ba da. Hira ta yau da kullum kusan 60 ce. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar ma'aikaci a desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 94 awa 1, 100 minti 15. Ina roƙon a riƙe waɗannan lambobi a tuna da yaron da ke wuni a kan injin niƙa, da mai walda, da yaran da ake zaunarwa a gindin lasifika a gidan biki. Nijeriya tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma fiziks ya ba da magani mai arha tun kafin doka: a fili, duk lokacin da aka ninka nisa daga tushen ƙara, tana raguwa da desibel 6.

Sai batun gine-gine. Kunne yana raba sauti da amsa-kuwwarsa idan tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan, wato idan bango yana nisan mita 17 ko fiye. A cikin ɗaki kuwa sautin yana ta bugun bango da rufi da daɓe har ya zama gunji mai jan lokaci. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ya fara auna wannan a 1895, ya fitar da ƙa'ida: lokacin gunji daidai yake da 0.161 sau girman ɗakin, a raba da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa. Mu ɗauki zaure mai tsawon mita 30, faɗin 20, tsayin 8, duk an lulluɓe shi da tayil da sumunti masu shanye kashi 3 cikin ɗari kacal. Lissafi zai ba da kusan sakan 13. A shimfiɗa darduma mai kauri a daɓen, ya sauko zuwa uku da rabi. Magana kuwa tana bukatar kusan sakan 1 kafin a fahimce ta sarai. Wannan ne ya sa a wasu sababbin masallatai da ɗakunan lacca ake jin muryar liman ko malami da ƙarfi amma kalmomin na hawa kan juna. Abin da kwamiti ke yi galibi shi ne ƙaro lasifika, wanda ke ƙara wa gunjin ƙarfi. Gyaran yana ga labule, darduma, silin mai shanye sauti, da ƙananan lasifikoki da aka rarraba aka rage musu murya.

7. Awon da ke jiranmu

David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu da muhallin amfani da su a littafinsu na 1971. Abin da ya dace a ɗora a kai yanzu shi ne lambobi, kuma kayan aikin sun yi arha. Wayar hannu tana ɗaukar sauti, manhajar Praat da Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam kyauta ce, tana zana yawan jijjiga sakan bayan sakan.

Ina ba da shawarar sassan fiziks da na Hausa a jami'o'inmu su haɗa hannu a kan awo huɗu. A auna iyakar hawa da saukar kalangu daga sake zuwa matse, a kwatanta da iyakar muryar mai magana. A sa mutum ya faɗi kirari, makaɗi ya buga shi, a ɗora zanen biyu a kan juna a ga ko ganga tana bin gangarowar jimla. A ɗauki sautin kotso da danƙo da kuma ba danƙo. A auna tsawon kakakin fadoji daban-daban da muryoyin da suke fitarwa, a rubuta zafin iska da danshinta a ranar awon, tun da mun ga yadda suke taɓa sakamako. A kowane awo a rubuta sunan makaɗi ko mai busa da yardarsa, tare da bayanin da ya yi da bakinsa kan yadda yake gyara kayansa, domin shi ne zai nuna wa mai bincike abin da ya kamata a auna tun farko. Awo na farko ba ya bukatar jami'a ma: malamin sakandare zai iya gayyato makaɗi aji, ya ajiye waya a nisan mita ɗaya daga fatar, ya sa ɗalibai su rubuta lambar da ta fito a bugun sake da ta bugun matse, sannan su lissafa ninkin ɗaurin da damtsen makaɗin ya yi.